A bi Sarki ko a zauna: yadda na koyar da yaƙin 1903 da wasan waya

Ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a cikin garin Sakkwato, kuma darasin 1903 ya daɗe yana damuna. Yara sun haddace shi sarai: ranar 15 ga Maris sojojin Ingila suka ci garin a Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, ya rasu a yaƙin Burmi ranar 27 ga Yuli. Su rubuta a jarrabawa, su ci, su manta. Abin da takardar jarrabawa ba ta tambaya shi ne yadda gari ya rabu biyu: wasu suka bi Sarki, wasu suka zauna tare da Waziri Buhari aka yi sulhu. Jikokin ɓangarorin biyu suna zaune a benci ɗaya a ajina.

Dabarar ta zo min ne daga Attentat 1942, wasan kwamfuta da masana a Jami'ar Charles ta birnin Prag suka fitar a 2017 kan mamayar da 'yan Nazi na Jamus suka yi wa ƙasarsu. Ba a harbi a cikinsa. Tsofaffi kake yi wa tambayoyi, kowa ya ba ka nasa labarin, wani ya saɓa wa wani. Da manhajar Twine, wadda kyauta ce, na haɗa namu: rubutu ne da zaɓi, ba ya bukatar intanet, muka riƙa tura shi waya zuwa waya.

Tun farko na yanke cewa ba wanda zai zama Sarkin Musulmi ko Waziri a wasan. A Sakkwato ba a wasa da waɗannan sunaye, kuma ni ma ba na son yaro ya danna maɓalli ya ce ya fi su dabara. Mai wasa majemi ne, yana da tsohuwar uwa da ba ta iya doguwar tafiya, da fatu a cikin jima. Ya je wajen malaminsa, ya ce masa ba a zama ƙarƙashin wanda ba Musulmi ba, hijira ta wajaba. Ya je wajen wani malamin, ya kawo masa hujjar masu zama, cewa in kowa ya tafi, wa zai tsare masallatai da raunana? Daga nan zaɓi ya rage nasa.

Ban sa maki ba, kuma ko me ka zaɓa, Burmi tana nan yadda ta faru. Nan rigima ta tashi. Wani yaro ya ɗaga hannu a fusace: "Malam, mi ya sa ba a iya cin Turawa? To mi ne amfanin wasan?" Na ce masa su ma mutanen wancan lokaci ba su da maɓallin sakewa, ga bindigar Maxim a gabansu. Bai gamsu ba, amma ya sake bugawa, wannan karon ya ɗauki uwar a kan jaki, ya ga abin da hanya ta yi mata. Wata yarinya da ta zaɓi zama kuwa ta ce ita dai ba za ta ƙara kiran masu sulhu matsorata ba, ko da yake har yanzu zuciyarta na tare da masu hijira.

Na lura wasan shi kaɗai ba ya koyar da komai. Mintuna ashirin na tattaunawa bayansa su ne darasin, kuma dole malami ya raba musu abin da aka ƙaga da abin da ke rubuce: majemin ƙage ne, naɗin Attahiru na Biyu sabon Sarkin Musulmi da Lugga, shugaban Turawan mulki a Arewa, ya yi gaskiya ne, haka ma garin Mai Wurno a Sudan inda ɗan Attahiru, Muhammadu Bello, ya zauna da jama'arsa.

Da na gaya musu yawancin sojojin da suka yi harbi a Giginya baƙaƙen fata ne, da Hausawa a cikinsu, aji ya kaure. Yanzu sun matsa sai na ƙara sojan a wasan, su ji shi ma me zai ce. Na ba su aikin rubuta tambayoyin da za su yi masa kafin hutu.