Kada ku kashe baƙon da ya biyo dutsen teku kafin ku gane shi

Ƙannena masu sha'awar kiwon kifin teku da murjani (halittar teku mai rai da ke girma a kan dutse) a tankin gilashi a gida, dutsen farko da na saka a tankina daga Legas aka aiko mini shi, a naɗe cikin jiƙaƙƙiyar takarda, kuma sai da ya kwana a mota kafin ya iso Kaduna. Masu wannan harka suna kiransa rayayyen dutse, domin ramukansa cike suke da ƙwayoyin halittar da ke tsabtace ruwa. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne cewa akwai waɗansu ƙananan halittu maƙale a cikin ramukan, waɗanda ban saya ba, kuma yadda na karɓe su shi ne kuskure mafi tsada da na tafka.

Bayan kamar mako uku, na haska tocila da dare na ga tsutsotsi masu launin jaja-jaja, da farin gashi jere a gefensu biyu, suna fitowa daga ƙarƙashin dutse. Tsoro ya kama ni, na shafe darare ina tsince su da hantsaki ina zubarwa, har wata rana na sa hannu babu safa, gashin ya soke mini yatsu, na kwana biyu ina fama da ƙaiƙayi. Daga baya na fahimci cewa yawancin irin waɗannan tsutsotsi masu shara ne, su ke cinye ragowar abinci da mushe a lungunan da hannu ba ya kaiwa. Da na rage su, sai datti ya taru, gansakuka ta rufe yashi. Akwai dai wadda ake gudu a danginsu, wato Hermodice carunculata, mai kauri, mai tulin farin gashi da jan geza a jikinta, wadda ke hawa kan murjani tana ci. Irinta ce ta cancanci fargabar da na yi.

A daidai lokacin da nake yaƙi da masu taimako na, ina nan ina tarairayar abokin gaba. Wata 'yar halitta mai kama da fure, ruwan ƙasa-ƙasa, mai siraran hannaye, ta tsiro a gefen dutse, na ɗauka ƙaramin murjani ne na samu kyauta, har ina ba ta abinci. Aiptasia ce, wadda ke harbin duk murjanin da ke kusa da ita har ya ƙi buɗewa. Alamarta ita ce, da zarar an taɓa ta sai ta shige rami nan take. Da na gane ta, sai na ƙara wani kuskuren, na kankare ta da wuƙa a cikin ruwa, ban san cewa kowane gutsure na gindinta yana iya zama sabuwar halitta ba. Cikin wata biyu ta cika tankin. Abin da ya kamata na yi tun tana guda ɗaya shi ne in fitar da dutsen, ko in dama farin garin sinadarin da ake kira kalsiyam haidiroksaid ya yi kauri in ɗura mata a baki da sirinji. Akwai kuma jatan landen Lysmata wurdemanni da ke cin ƙananan Aiptasia, sai dai samunsa a nan Arewa yana da wuya.

Sauran baƙin ba sa bukatar dogon bayani. Fararen ɗigo-ɗigo masu tsalle a jikin gilashi ƙananan ƙwarin ruwa ne da kifi ke ci, kuma ganinsu alama ce ta lafiyar tanki. Fararen da'irori masu tauri, ƙanana kamar ƙwayar gero, gidajen tsutsotsi ne masu tace ruwa, ba sa cutar da komai. Kaguwa kuwa ku dubi faratanta: mai gashi a jiki da farata masu tsini da baƙin baki mafarauciya ce, ku cire ta.

Shawarata ita ce ku ware dare ku yi kallo. Ku bari fitilar tanki ta yi awa ɗaya ko biyu a kashe, sannan ku haska da jar tocila, domin jan haske bai cika firgita su ba. Ku ɗauki hoto, ku duba da gilashin ƙara girma, ku ƙirga ƙafafu ko hannaye, kuma mafi muhimmanci ku lura da abin da halittar take ci da inda take zama. Wadda kuka yi shakka a kanta ku sa ta a wani mazubi da ruwan tankin har ku tabbatar. Sabon dutse ko murjani kuma ya fara yin makonni a ƙaramin tanki na dabam, mai gishiri daidai da na babban, wato 1.025 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri.

Akwai abin da ya shafe mu musamman a Kaduna. Ruwan murjani yana son zafi tsakanin 24 da 26 a ma'aunin Salsiyos, amma a watannin Maris da Afrilu, idan aka ɗauke wuta famfo ya tsaya, ruwa kan yi zafi iska ta ragu a cikinsa, sai tsutsotsi su fito fili da rana tsaka. Na taɓa ɗaukar wannan a matsayin annoba, alhali numfashi suke nema, kuma abin yi shi ne a tayar da janareta ko a motsa ruwan da hannu.

Ina roƙonku kada ku taɓa tafasa dutse don kashe abin da ke cikinsa. Waɗansu murjanai masu laushi na dangin Palythoa suna ɗauke da dafi mai tsanani da ke bin tururi, kuma ya sha kwantar da iyalai a asibiti a ƙasashen waje. Ku sa safar hannu da tabarau duk lokacin da za ku ɗaga dutse, ku kuma wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa fuska ko abinci.