Na ɗauka rashin yarda da mutane shi ne wayo

Ranar Asabar ɗan ƙanwata ya zo shagona a Kantin Kwari yana huci. Wai zai raba jari da abokinsa da suke sayar da wayoyi a Farm Centre, don lissafin wata ya zo da giɓin dubu goma sha biyu. Na tambaye shi ko ya zauna da yaron sun duba littafi. Ya ce, "Kawu, duniyar yanzu wanda ya yarda da mutum shi ne wawa." Gabana ya faɗi, don da bakina na sha faɗin haka.

A 1998 wani mai sarin kaya da muka shekara huɗu muna hulɗa ya ɗauki bandir ashirin na shadda bashi, ban sake ganin ƙeyarsa ba. Rabin jarina ke nan, kuma a ciki har da gadon ƙannena marayu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma har yau ban ce gudun da na yi da farko laifi ba ne. Laifin shi ne na mayar da shi hali, har ina taƙama da shi. Na rufe littafin bashi. Na fita daga adashi. In yaron shago ya auna yadi, sai na sake aunawa a gaban mai saye. Maƙwabta na cewa ba a cutar Alhaji, ni kuwa ina jin daɗi, na ɗauka yabo ne.

Akwai yaron da ya yi shekara bakwai a hannuna. Wata rana turmi biyu na atamfa suka ɓace, na sa ya zazzage aljihunsa da jakarsa a bakin shago, mutane na kallo. Bai ce uffan ba, ya ajiye makulli a kan benci ya tafi. Bayan sati uku uwargida ta tuna min ni da kaina na kai mata su gida don bikin ƙanwarta. Ban neme shi ba. Na ce wa raina ai ko bai ɗauki wannan ba, wa ya san abin da ya ɗauka a baya? Yau shagonsa uku, 'yan Maraɗi da Damagaram suna turo masa kuɗi ya loda musu kaya ba su taka Kano ba. Ni ina nan a shago ɗaya. Ko lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, masu amana a tsakaninsu suka ci gaba da ba juna kaya a kan magana, ni na wuni ina kaɗa ƙuda.

'Yata da ke jami'a ta taɓa karanto min wani bincike na 2019, na Olga Stavrova da Daniel Ehlebracht, a kan mutum kusan 200,000 a ƙasashe 30. Jama'a na ɗaukar mai mugun zato a matsayin mai kaifin basira, amma da aka gwada, masu mugun zaton ne suka fi yin baya. Ban yi musu ba. Zargin kowa ba ya buƙatar tunani, gane wanda za ka yarda da shi ne aiki.

Abin da ke ƙona min rai da ku yaran yanzu, ba ku yarda da wanda kuka tashi tare ba, amma baƙo a waya ya ce zai ninka muku kuɗi sai ku tura. Damfarar ninka kuɗi ta MMM ta tafi da na mutane a 2016, irinta CBEX ta maimaita a 2025, ba ku daddara ba.

Ku rubuta bashi, ku sa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Baƙara, a kan haka ta sauka. Ku fara ba mutum kaɗan ku ga yadda zai yi. Mai yawan rantsuwa kuwa, ni har gobe ba na ba shi ko ƙyalle, ko da hakan ya saɓa wa duk abin da na faɗa. Kuma kada ku tozarta mutum a kan zato.

Na ce wa ɗan ƙanwata ya kawo littafin da abokin nasa bayan sallar Juma'a mu duba tare. Ya ce to, idonsa na kan waya. Ni kuma shagon yaron nan da na tozarta layi biyu ne tsakaninmu, shekara goma sha ɗaya ina zagaye shi.