Kan injin da ya dace da man mu da zafin Sakkwato

Duk saurayin da ya shigo garejinmu da niyyar ƙara wa motarsa ƙarfi, da zancen tof, wato kan inji, yake fara magana. Ya kalli bidiyo a waya, ya zo da sunan wani kan inji a bakinsa, kuɗin aljihunsa kuwa ba su kai rabin aikin ba. Akwai gaskiya a zancensa: inji ba ya ba da ƙarfi sai gwargwadon iskar da ya shaƙa ya fitar, kuma duk iskar nan ta cikin kai take bi. Sai dai ni kafin in yarda a sayi kai, abu uku nake so ya dace da su: fistan ɗin da ke ƙarƙashinsa, man da ake sayarwa a gidajen man garin nan, da ranar bazara.

Yawancin abin da yaran nan ke gani zancen Amurka ne. Can mai ƙaramin ƙarfi yana neman kan Vortec, na baƙin ƙarfe, wanda General Motors ya fara sa wa manyan motocinsa masu silinda 8 a 1996. Yana da araha wajen masu fasa motoci, kwarmin wutarsa cc 64 ne, kuma yana jan iska fiye da tsofaffin kawunan Chevrolet. Amma ko su can, wanda ya saye shi sai ya nemi wani manifol, wato bututun da ke kai iska cikin kai, domin ramukan kusoshin ba iri ɗaya ba ne, ya canja murfin bawul, in kuma kamshaf ɗinsa mai ɗaga bawul sosai ne sai an sake yi wa kan aiki. Irin wannan inji ba shi ke yawo a titunanmu ba, amma matsalar ɗaya ce da tamu: kuɗin kai daban, kuɗin kayan da yake tafe da su daban.

Mu nan Golf muka sani. Golf 2 GTI mai lita 1.8 da bawul 8 tana da ƙarfin doki 112, mai bawul 16 da ta fito a 1986 tana da 139. A Golf 3 mai lita 2 tazarar ta fi haka, 115 da 150. Wanda ya ga waɗannan lambobi sai ya ɗauka ai kawai ya ciro kai mai bawul 16 ya ɗora a kan bulok ɗinsa. Zai hau, kusoshin za su shiga. To amma injin bawul 8 fistan ɗinsa mai kwarmi ne, shi kuma kan bawul 16 nasa kwarmin ya fi girma, in ka haɗa kwarmi biyu matsi, wato yadda fistan ke matse iska da mai, ya faɗi, motar ta yi sanyi. Sai an canja fistan, da manifol na shiga da na fita, da bel ɗin taimin, distiributa ma wurin zamanta ya koma jikin kai. Kuma ranar da bel ya tsinke, bawul sun lanƙwashe ke nan. Bayan duk wannan kashe kuɗi, ƙarfin da ka saya yana can sama ne, inda allura ta wuce juyi 4,000 a minti. Mai ɗaukar fasinja shida da buhuna zuwa Illela ko Tambuwal ba ya zama a can. Shi ƙarfin tashi yake buƙata, kuma ƙananan hanyoyin iska na bawul 8 sun fi ba shi wannan, domin iska ta fi gudu a matsattsen rami lokacin da inji ke juyawa a hankali.

Masu Honda Civic ta 1992 zuwa 1995 sun fi samun sauƙi. Kan VTEC na injin D16Z6, mai ƙarfin doki 125, yana zama a kan bulok ɗin D15B7 mai 102 ba tare da wahala ba. Amma VTEC, wato tsarin da ke ƙara buɗe bawul in inji ya yi sauri, ba ya buɗewa da kansa, sai an sa ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar inji, da ta san shi an ja mata waya, kuma sai wajen juyi 4,800 yake shiga. Na sha ganin motar da aka ɗora wa wannan kai aka bar mata tsohuwar ƙwaƙwalwa, mai ita yana ta murna da rubutun da ke kan murfi, alhali abin bai taɓa aiki ba. Ga shi kuma kwarmin wannan kai ya fi ƙanƙanta, matsi hawa yake yi.

Wannan matsin shi ne inda nake daɗewa da kowa. Ɗauki injin 1.8: kowace silinda tana ɗaukar kusan cc 445. In sararin da ya rage sama da fistan, wato kwarmin kai da kaurin gaskit da kwarmin fistan, ya kai cc 50, matsinka kusan 10 ne. Rage cc 3 kacal, abin da bai cika ƙaramin cokali ba, ka tashi kusan 10 da rabi. Injin GTI mai matsi 10 an yi shi ne don mai mai oktan 98, wato awon juriyar mai ga matsi, da iskar Jamus. Namu man bai wuce 90 da 'yan kai ba, kuma a watan Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40 tun kafin iskar ta shiga ƙarƙashin bonet. Zafi da matsi da raunin mai in suka haɗu, mai yana fashewa kafin lokacinsa. Za ka ji ƙyas-ƙyas kamar tsakuwa a gwangwani in ka taka a giya babba, kuma wannan ƙarar ita ke cin bakin fistan da gaskit. A ganina, a Sakkwato, da man gidan mai, tsayawa wajen 9 da rabi ya fi zama lafiya.

Awon kwarmin kai ba ya son kayan tsada. Sirinji daga kemis, da guntun gilashi ko roba mai haske da aka huda wa rami. A kifa kan a kan benci, bawul da fulogi a ciki, a shafa giris a gefen kwarmin, a danna gilashin, a riƙa ɗura kananzir ana ƙirgawa har ya cika. Ran nan yarona yana riƙe da sirinjin, ya ga silinda ta ɗaya ta sha ƙasa da abin da littafi ya ce, ta huɗu ma haka, ya ɗago ya ce, "Maigida, wanga kai an taɓa share shi ko?" Na ce masa an share, kuma ba sau ɗaya ba. Mai kayan ya rantse bai taɓa shiga injin sharewa ba, wataƙila shi ma haka aka sayar masa. Mun mayar.

Kan Beljiyam, ko daga Ƙofar Ruwa a Kano ya zo ko daga Ladipo a Legas, ba na biyan kuɗinsa sai na ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe da filageji, siraran ƙarafan awon tazara, a tsaye da kuma a karkace. Honda ta ce in lanƙwasar ba ta kai milimita 0.05 ba a bar shi, kuma duk sharewar da za a yi masa kada ta wuce 0.2. Volkswagen ta ba da iyakar lanƙwasa 0.1. Sharewa fiye da kima ba matsi kaɗai take ƙarawa ba, tana matso da kamshaf kusa da karanshaf, taimin ya ja baya. Sannan in wanke kwarmin in duba tsaga tsakanin mazaunin bawul biyu da kuma wajen ramin fulogi. In leƙa hanyoyin ruwa: kan alminiyam da aka daɗe ana zuba wa ruwan rijiya zalla, bakin ramukansa cinyewa yake yi, gaskit ya rasa inda zai kama. Bawul kuma in ɗaga shi kaɗan in girgiza, in yana rawa gaid, wato bututun da bawul ke bi, ya ci, hayaƙi na tafe.

Saurayin da kuɗinsa ba su da yawa, ga inda nake kai su. Mu nemi lafiyayyen kai irin na injinsa, ko mu gyara nasa in bai lanƙwashe ba. A yanka mazaunin bawul da kyau a goga har kananzir ya kwana bai zuba ba, a sa sabbin gaid da sil, a goge gurgujen da ke ƙarƙashin mazaunin ba tare da an faɗaɗa ramin ba. Gaskit a sayi na gaske ko da ya ninka kuɗi, a ɗaure kusoshi da sufana mai awo, daga tsakiya zuwa waje, yadda kamfani ya tsara. Abin da ya rage a kai lagireto a wanke, a mayar da tamostat ɗin da wani ya cire, a tabbatar fanka tana tashi kan lokaci. In daga baya hannunsa ya buɗe yana son bawul 16, to ya sayi injin gaba ɗaya da wayoyinsa da ƙwaƙwalwarsa, zai fi masa araha a kan ya tsinto su ɗaya bayan ɗaya.