Shekara guda ina haɗa askirim a Kano: abin da littafin cinikina ya nuna

Ƴan uwana masu koyon wannan sana'a, assalamu alaikum. A ƙarshen Fabrairun 2025 na fara haɗa askirim a gida ina zubawa a ƙananan robobi ina sayarwa, kuma tun ranar farko nake rubuta abin da na haɗa da abin da ya fita. Da na bi shafukan littafin a wannan makon, sai na ga cewa lokacin da ciniki ya fi kyau shi ne lokacin da na fi yin asara, don haka na ga ya dace in faɗa muku yadda hakan ta faru tun kafin wata bazarar ta riske mu.

Na fara ne a bakin azumi, wanda ya kama a ranar 1 ga Maris. Da rana babu mai tambayar askirim sai yara ƙanana, kuma ko da aka sha ruwa mutane sun fi neman ƙanƙara da zoɓo da kunun aya mai sanyi, saboda mai ƙishirwa ba ya fara da abu mai maiƙo. Sai bayan an sauko daga asham ake aiko yara su saya. Ranakun ƙaramar Sallah kuwa, da kuɗin barka da sallah ya shiga hannun yara, ban kwana da ko roba ɗaya ba.

Afrilu da Mayu su ne suka ba ni wahala. Zafin Kano a wannan lokaci yakan kai digiri 40 har ya wuce, masu saye suna sallama tun hantsi, ni kuma ganin haka sai na cika firiza da haɗin kwana uku a lokaci guda. Aka ɗauke wuta tun azahar, ba a dawo da ita ba sai washegari da asuba. Robobin sama sun narke sun zama ruwa, dole na zubar da su, domin haɗin madara da ya kwana cikin ɗumi ba abin da za a ba ɗan wani ba ne. Na ƙasan sun yi laushi kawai suka sake daskarewa, amma da na ɗanɗana sai na ji ƙanƙara tsaki-tsaki tana ƙaras a haƙori. Dalilin shi ne ruwan da ya narke yana komawa ya manne wa ƙwayoyin ƙanƙarar da suka rage, su yi ta girma, kuma babu bugun da zai mayar da santsin da ya tafi.

Daga nan na sauya tsari. Na koma haɗa na yini guda kawai, na jera gorunan ruwa da suka daskare a ƙasan firiza da gefenta don su riƙe sanyi idan wuta ta tafi, na kuma hana kowa buɗe murfin sai da dalili. A cikin kula ina barbaɗa gishiri a kan farfasasshiyar ƙanƙara, abin da ke saukar da sanyinta ƙasa da sifili sosai. Na rage sukari kaɗan, tunda yawansa yana hana haɗi daskarewa da ƙarfi, sannan na riƙa dafa madarar da cokali biyu na garin kwanfulawa a kowace lita, wanda ya sa askirim ɗin ya daɗe bai zube a hannu ba. Mangwaro yana araha a wannan lokacin, kuma na mangwaron shi ne ya fi fita, sai na dabino da kwakwa.

Da damina ta sauka, ciniki ya koma bin sa'a. Idan hadari ya haɗo daidai tashin makaranta, ranar ta tafi ke nan, kuma dogon hutun Agusta ya ƙara rage masu zuwa. Zafi ya ɗan dawo a Oktoba, bukukuwan kaka kuma suka kawo mini odar farko mai yawa.

Yanzu muna cikin hunturu, iyaye mata suna hana yara shan sanyi saboda mura da tari, kuma a ganina bai kamata mai sana'a ya yi jayayya da su ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne askirim ɗin da nake yi yanzu ya fi na kowane lokaci santsi, domin firiza ba ta shan wahala, don haka na mayar da watannin nan na gwaji. Ina koyon yogot, wanda ke son ɗumin digiri 43 ko kusa da haka na awa 6 zuwa 8, sai na naɗe tukunyar da bargo saboda sanyin dare. Gwaji biyu na farko sun tsinke, na uku ya kama. Azumin 2026 zai shigo a Fabrairu, kafin zafi ya tsananta, saboda haka na rage madarar garin da zan saya, na ware kuɗin don ƙaro kula ta biyu kafin Afrilu.