'Yan tashe sun zo ƙofar gidanmu

Jiya bayan an sha ruwa ina zaune ƙofar gida sai ga yara da gwangwanayensu, ɗaya ya manna gemun auduga yana dogara sanda ana ta waƙar tsoho da gemu, wallahi nayi dariya har da ƙwalla, na tuna mu ma daga 10 ga azumi haka muke zaga gidaje a bamu gero ko 'yan kwabbai, 'yan mata kuma suna Mairama da Daudu. A Kano ai har sarauta akwai, Nalako sarkin gwagware mai kamen marasa aure.

Yanzu waya ta ɗauke hankalin yara, abin na damuna sosai. Na basu ɗari biyar nace gobe su dawo min da Jatau mai magani.