Ɗarin Hajiya da ɗarina

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, a darasin tsara yadda mutum ke hulɗa da manhaja, an ce kowa ya ɗauko wata matsala daga garinsu ya yi aiki a kanta. Ni na ɗauko adashi, don tun ina ƙarama nake ganin maƙwabciyarmu a unguwar Zariya, nan Maraɗi, tana fama da littafin zubi, ga shi ba ita ke rubutawa ba, sai ta jira jikanta ya taso daga lakkwal.

Wata biyu na yi ina zana manhajar waya ta rubuta zubin adashi a Figma, wato dandalin da ake zana fuskar manhaja a kansa. Na zaɓi launi, na daidaita maɓallai, ƴan ajinmu suka yaba. Malaminmu bai ce komai ba sai da na gama, sannan ya tambaye ni uwar adashi nawa suka taɓa abin da hannunsu. Ko ɗaya. Ya tuna mini da shawarar Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ta shekarar 2000, cewa gwaji da mutum biyar ya isa ya tono mafi yawan matsalolin tsari. Ya ƙara da sharaɗi guda: in kin miƙa waya, ki kama bakinki, ki zuba ido.

Kama bakin nan ya fi zanen wuya nesa ba kusa ba.

Na nemo mata biyar masu riƙe adashi, na fara da Hajiya, maƙwabciyar nan tamu. Na ce ta shigar da zubin mace ɗaya na mako, wanda na san sefa 500 ne. Ta danna 100, ta miƙo mini. Har na buɗe baki zan gyara mata, sai na tuna. Na ce, "Hajiya, nawa kika sa?" Ta ce, "Ɗari mana, ɗiyata, ba ɗari muke zubi ba?" Gaskiyarta. Mu nan da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar. Ɗari a bakin ƴar kasuwa 500 ce a takarda, hamsin 250, jikka kuwa 1000. Ni kaina haka nake ciniki a babbar kasuwa kullum, amma da na zauna gaban kwamfuta sai na koma lissafin boko, na manta da bakin da aka haife ni a ciki. Cikin mata biyar ɗin, uku haka suka yi. Da an saki manhajar a haka, da kowane zubi ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin biyar, kuma a adashi ba abin da ke raba zumunci kamar a ce kuɗi ba su cika ba.

Mun karanta Don Norman, mai littafin 1988 kan tsara kayan amfanin yau da kullum, inda ya nuna cewa in mutane da yawa suna tura ƙofar da ya kamata a ja, laifin na mai ƙera ƙofar ne. A aji na haddace wannan don jarrabawa. A tsakar gidan Hajiya ne ya shige ni.

Wurin suna ma ya ba ni kunya. Na sa gurbi biyu irin na takardun gwamnati, suna da sunan mahaifi. Hajiya tana da Hadiza huɗu a adashinta, kuma ba da sunan uba take rarrabe su ba: akwai mai ƙuli-ƙuli, akwai uwar ƴan biyu. Na mai da shi gurbi ɗaya, na ƙara wurin naɗar murya, tunda dukkansu sun saba da saƙon murya a WhatsApp.

Kuɗin kuwa na cire rubuta lamba gaba ɗaya. Hoton takardar jikka da na ɗari na sa, ta taɓa wanda aka ba ta. Da na koma, ta shigar da zubin mutum shida ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Sannan ta ce akwai biyu masu zuwa sari Jibiya, wani lokaci da naira suke kawo nasu, ina za ta sa su? A kan wannan nake aiki yanzu.