Hasumiya Huɗu da Harshe na Huɗu

Wani aiki ya kai ni Janeba, ranar Juma'a na nufi babban masallacin unguwar Petit-Saconnex. Ina kallon hasumiyarsa sai direban tasi, ɗan Maroko, ya ce min: "Alhaji, ka kalle ta da kyau, ba za a ƙara gina irinta a Suwizaland ba."

Gaskiya ya faɗa. A Nuwamban 2009 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 57.5 cikin ɗari suka amince a hana gina hasumiya. Alhali a lokacin guda huɗu ce kacal a duk ƙasar! Gwamnati da majalisa sun ƙi goyon bayan hanin, amma talakawa suka rinjaye su.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne takardar kuɗin da na biya shi da ita. Harsuna huɗu ne a jikinta, har da Romansh, wanda masu jinsa ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wannan akwatin zaɓen ne dai ya ɗaga shi ya zama harshen ƙasa a 1938.

Na nuna wa direban. Ya yi dariya, ya ce su Romansh ai 'yan gida ne, sannan ya miƙo min canjina.